Keken Baba Isufu a Hanyar Katako

Tawa, ran Lahadi, lokacin ɗibar albasa

Zuwa ga ɗana Abdurazak, ɗan ƙanena marigayi Musa.

Bayan sallama, ina tambayar lafiyarka da ta mutanen Adar da ke nan bakin teku tare da kai. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta dama da ta ƙi ni tun sanyi, da kunnen nan da ka sani. Yayarka Kaltumi tana gaishe ka. Ta ce in yi maka magana ta waya, na ce a'a. Maganar waya in ta fita ta tahi, gobe mutum ya ce bai ce ba. Takarda nake so, wadda zan sa ƙarƙashin tabarma. Ma'azu tela ke rubuta mini, kuma na gaya mishi in ya rage ko kalma ɗaya Allah na ganinshi.

To ga maganar. Ciɗo direban motar albasa ya dawo daga wajenku, ya zo gaishe ni. Muna cikin shan shayi ya ce ya gan ka da akwatin nono mai sanyi bisa kai, kana tahiya ƙasa, zufa har ƙirji. Na ce mishi ƙarya yake, ɗana bisa keke yake talla. Ya ce, "Wallahi Baba, ko ƙararrawar keke ban gani ba."

Abdurazak, ina kekena?

Keken nan a garin da kake na saye shi, lokacin da na je bida, wato ci-rani, tun ubanka bai yi aure ba. Da shi na yi ta kai albasa Kalfu. Da shi na je Tebaram na dawo, rairayi har cikin sarƙa. A bayanshi na goya innarku zuwa likita ran da za ta haifi Kaltumi. Ƴaƴan cikina, Faisal da wanshi, sun so su kai wa masu sayen ruɓaɓɓen ƙarfe su auna shi a sikeli, wai yanzu zamanin babur ne. Ban manta ba. Shi ya sa na tsallake su na ba ka, kai da na riƙe tun kana rarrafe.

Kuma da sharaɗi na ba ka. Ka sa ma sarƙa mai kowace Juma'a. Kada ka ba kowa aro. In ka ga wanda ya girme ka, ka sauka ka gaishe shi da ƙafarka a ƙasa, don ba a gaida babba daga bisa sirdi.

In ka sayar da shi, ka ce mini ka sayar. Kada in ƙara jin labarin kayana a bakin direba.

Ni ne ubanka, Isufu.

*

Bakin teku, ran Alhamis

Zuwa ga Baba.

Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga ubanshi. Allah ya ba gwiwa sauƙi. A gaida Yaya Kaltumi da Malam Ma'azu. Ni lafiyata lau, wuyana ne kawai ke ciwo saboda ɗaukar akwati.

Baba, ban sayar da keke ba. An kama shi. Kunya ta hana ni faɗi.

Garin nan ba yadda ka bar shi yake ba. An shimfiɗa katako a bakin teku, doguwar hanya, ta kai daga tashar mota zuwa babbar kasuwa. An ja farin layi a tsakiyarta. Gefen ruwa na masu ƙafa ne, gefen gari na masu keke. Ana hawa daga asuba zuwa hantsi, in rana ta ɗaga kowa ya sauka ya tura. Dole a sami ƙararrawa, kuma ba a goyo. Duk waɗannan na kiyaye. Wadda ta ci ni ita ce, ba a tsayawa cikin layin keke. Mai son sauka sai ya kai ƙarshen hanya, inda anka shafa shuɗin fenti a ƙasa.

Ran nan da safe ina tahe da kayana, sai na hangi dattijo zamne bisa benci, da rawani irin naɗin mutanenmu. Wallahi Baba ban yi shawara ba. Hannuna ya kama birki, ƙafata ta taka katako. Wata mata tana bayana da gudu, ta zo ta daki akwatin, ta faɗi ta goge gwiwa. Wasu biyu sunka hau kanta. Nono ya malale ko'ina.

Masu gadin hanyar sunka zo. Na ce musu babba na gani. Ɗayansu ya ce, "Shi ya ce ka tsaya?" Na ce a'a, haka anka koya mini a gida. Ya ce to gidanku bai koya maka cewa akwai mutane a bayanka ba? Matar kuwa tana zamne tana riƙe da ƙafa. Na ba ta haƙuri, ta haƙura. Tara kuma na biya.

Amma sun ƙi sakin keken. Sun tambaye ni na wane ne, na faɗi gaskiya, na ce na babana ne. Ba mu da takardar saye. Sunka ce to sai mai shi ya zo, ko ya dangwala yatsa a takardar da na sako maka cikin wagga wasiƙa. Ko wanne ne, sai da shaida mazaunin garin nan wanda ya san keken naka ne. In ba haka ba, bayan ƙaramar Salla za su yi gwanjon duk kekunan da ba a karɓa ba.

Shaida kuwa akwai. Dattijon da na sauka dominshi Kawu Hasan ne, ƙanen Inna. Ya ce ya san keken tun yana sabo. Ka dangwala yatsa kawai Baba, sauran aikin namu ne.

Ɗanka, Abdurazak.

*

Tawa, ran Litinin

Abdurazak.

Muna lafiya. Gwiwa tana nan. Ma'azu ya karanta mini takardarka, na sa ya maimaita ƙarshenta da ƙarfi, don na zaci kunnena ne.

Hasan! Don Hasan ka zubar da nono, ka kada matar mutane, ka ba da kekena? Wane babba ne Hasan? Na girme shi da damina biyu, kowa a Afala ya sani.

Bari in gaya maka wane ne kawun naka, tun da ba ka sani ba. Tare munka tahi bida. Ran da na sayi keken nan, ko ledar sirdi ban ɓare ba, ya ce in ba shi ya ɗana. Bai iya hawa ba, bai ce bai iya ba. Ya faɗa rami da shi, ya lanƙwasa ƙahon hagu, ya tashi yana dariya. Har yau in na yi doguwar tahiya hannun hagu ke fara gajiya. Munka yi alkawarin komawa gida tare kafin shuka. Ya ce in yi gaba yana tahe. Har yanzu yana tahe.

Duk wannan na bar shi. Amma ran da innarku ta rasu fa? Yayarshi ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tsofaffi sunka zo daga Afala a ƙafa. Na zamna ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, kowace mota ta tsaya sai in ɗaga kai. Anka yi sadakar uku, anka yi ta arba'in. Bai zo ba, bai aiko ba, ko a bakin direba bai ce a ce mini yaya haƙuri ba. Shekara shida ke nan. Shi ne zai tsaya gaban hukuma ya yi mini alheri? In ɗauki kekena daga hannun Hasan?

Ga takardarsu nan na mayar maka fara yadda ta zo. Yatsana ba zai zamna kusa da sunanshi ba.

Saukar da ka yi kuwa, daidai ce. Mutumin ne ka kuskure. Ni dai ban taɓa jin ƙasar da ake kama yaro don ya yi ladabi ba. Wane ne ya ja farin layin nan? Ba shi da uba ne? Matar da ta faɗi, ka ƙara ba ta haƙuri, ka ce in ji ni. Ita ba ruwanta.

Ka nemo wani shaida. Akwai mutanen Adar da yawa da sunka san ni a garin nan. Ka ce musu Isufu mai baƙin keke. Kuma kada ƙafarka ta taka gidan Hasan a kan maganata.

Ni Ma'azu na ce mishi ya sassauta. Ya ce in rubuta ko in ba shi takardarshi ya kai wa wani.

Isufu.

*

Tawa, farkon azumi

Abdurazak.

Barka da shan ruwa. Kaltumi lafiya, ni lafiya.

Motocin albasa sun tahi, wasu sun dawo, babu amsarka. Kullum sai na tura a dubo tasha. Ni na san ma'anar shirun yaro. Ko ka bi bayan idona ka je wurin Hasan, ko an riga an buga ma kekena ƙararrawar gwanjo kana tsoron faɗi. Jiya Faisal ya zo da babur ɗinshi ya tsaya ƙofar gida, ko kashe shi bai yi ba, ya ce, "Baba, da ka bari mun sayar, da ko kuɗin goro ka samu." Na shiga ɗaki na ɗaure kayana.

Sun ce mai shi ya zo, ko ba haka ba? To mai shi yana tahe. Ni da fuskata zan tsaya gabansu, in ga wanda zai ce sai wani ya faɗa mishi ni ne Isufu. Na sayar da tunkiya. Ciɗo ya ce zai ba ni wuri a gaba kusa da shi, jibi in Allah ya so.

Kaltumi ta yi kuka, ta ce hanya ba lafiya, ta ce gwiwa, ta ce azumi. Da ta ga ban ji ba ta ɓoye mini takalma. Ma'azu ya ara mini silifas ɗinshi, sun yi mini yawa amma za su kai ni.

Wagga takarda za ta riga ni da motar gobe. Ka share mini wurin kwana.

Isufu.

*

Bakin teku, cikin azumi

Zuwa ga Baba.

Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Lafiyata lau.

Sai jiya takardarka ta ran Litinin ta iso. Motocin sun daɗe tsaye a hanya suna jiran a ba su izinin wucewa, har albasar wasu ta fara tsiro. Ba shiru na yi maka ba.

Ban je wurin Kawu ba. Na bi sunayen da na sani, na tambayi masu shayi da masu gadi. Waɗanda sunka san ka Baba, wasu sun koma gida, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Shi kaɗai ya rage.

Akwai abin da Kawu ya hana ni faɗi, amma zan faɗa, ya yi mini faɗa daga baya. Kawu ba ya tahiya. Ɓarin jikinshi na hagu ya mutu tun kafin rasuwar Inna da ƴan watanni. A kujera mai taya ɗanshi ke turo shi bakin teku kowace safiya, ya ɗora shi bisa benci. Lokacin da labarin rasuwa ya zo, ko magana ba ya iya yi. Da bakin ya buɗe kuma, ya ce ya makara, kunya ba za ta bar shi ya aika ba.

Don Allah Baba kada ka taso, in ma kana da niyya. Ga takardar na sake sako maka. Yatsa ɗaya ne.

Ɗanka, Abdurazak.

Ni Ma'azu na ƙara wannan a ƙasa: takardar ta iso Tawa bayan tsoho ya tahi. Na karanta wa Kaltumi.

*

Bakin teku, goman ƙarshe na azumi

Zuwa ga ɗiyata Kaltumi.

Ina gaishe ki, ina gaida yara da maƙwabta. Na iso lafiya, sai dai duk jikina warin albasa. Abdurazak ke rubuta mini, shi ma na yi mishi gargaɗin da na yi wa Ma'azu. Ki kai wa Ma'azu ya karanta miki, ki ce silifas ɗinshi ɗaya ta tsinke.

Garin ban gane shi ba. Teku kaɗai na gane, yana nan yana hayaniyarshi. Da na sauka yaron nan ya buɗe baki zai yi maganar kawunku, na ce in ya ambaci sunan zan koma motar da ta kawo ni. Ya rufe.

Washegari munka je biro, wato ofishin masu gadin hanya. Na hangi kekena ta taga, an jingine shi cikin kekuna kamar awaki a kasuwa, iskar gishiri ta sa sarƙa ta yi ja. Wata mata ce babbarsu, mai hula da alƙalami a aljihu. Ta ba ni kujera, ba zan yi mata ƙarya ba, tana da ladabi. Na ce ga mai keke ya zo. Abdurazak ya mayar mata da faransanci. Ta ce madalla, ina shaida? Na ce ni ne shaidar kaina. Ta ce, "Baba, da haka ake yi, kowa ya shigo ya nuna wanda ya fi kyau ya ce nashi ne." Na ce to ta dubi nawa, wa zai zaɓe shi in ba mai shi ba? Ta yi dariya har ta dafa tebur, amma ba ta ba ni ba.

Sai na yi yadda muke yi a gida in mai gari ya ƙi sauraron mutum. Na shimfiɗa buzuna ƙofar biron. Kullum da safe in zo in gaishe ta, in zamna har azahar. Kullum ta amsa, ta ce, "Baba, shaida." Salla kuwa tana matsowa. Har na ga wani mai tumbi ya zo yana leƙen kekunan, yana latsa tayar nawa da yatsa. Na ce mishi ya ɗauke hannunshi.

Ran Talata ina zamne sai na ji murya a bayana. "Isufu, ka tsufa."

Ban waiga ba. Na ce, "Na tsufa, amma da ƙafata na zo. Wasu shekara shida ƙafarsu ta kasa kai su Tawa."

Da na waiga, Kaltumi, sai na ga Hasan cikin kujera mai taya, an rufa mishi bargo, hannun hagu a naɗe bisa cinya, baki ya karkace. Abdurazak ya ce ke kin riga kin ji, wai ya rubuto takarda ta saɓa da ni a hanya. Ni ban sani ba. Maganar ta riga ta fita, ba ta komawa.

Ba ni na kira shi ba, ki riƙe wannan. Yaron ma ya rantse ba shi ne ba. Labari ne ya kai mishi cewa wani tsoho mai taurin kai ya tare ƙofar biro da buzu, ya ce ba sai an faɗa mishi suna ba.

Ɗanshi ya tura shi ciki. Hasan ya ce ma matar, "Ki fito da baƙin keken can, ki kama ƙahonshi biyu. Na hagu ya fi na dama sauka. Ni na kada shi a rami ran da wanga mutum ya saye shi, kuma har yau bai daina zagina ba." Ta sa anka fito da shi, ta kama, ta duba, ta dube mu mu biyu. Ta tura mini takarda. Na dangwala. Shi ma ya dangwala kusa da nawa. Na ja kekena na fita.

Ranar na wuni ina goge sarƙa. Jiya da sassafe na ce ni zan hau shi bisa katakon nan da ya ja mini wahala, in ga abin da ke gare shi. Abdurazak ya ce gwiwa. Na ce ya kama mini sirdi ya yi shiru. Rabona da hawa tun bara, amma da na taka feda sai ya ɗauke ni kamar jiya munka rabu. Katakon yana ƙara a ƙarƙashi, iska tana cika mini riga, yaron nan yana gudu ta gefen masu ƙafa yana, "Baba hankali, Baba layi!"

Can sai ga benci, ga Hasan bisa, ya ɗaga mini hannunshi mai lafiya. Hannuna ya tahi wurin birki, sabo ne kawai. Sai na ji ƙararrawar wani a bayana, na tuna matar nan da gwiwarta. Na saki birki. Na kaɗa mishi ƙararrawa sau biyu, na wuce shi ina bisa sirdi, kaina a sama. Doka ce, ba ni ba. Duk dokokinsu wannan ce ta fara yi mini daɗi.

Na kai shuɗin fenti na sauka. To daga nan ina zan je? Masaukinmu ta baya yake. Na turo keke ta gefen masu ƙafa, ga azumi, ga gwiwa, ga silifas tsinkakke. Da na iso benci dole in huta.

Ya ce, "Ashe dai ka sauka mini."

Na ce, "Fenti na sauka wa."

Munka zamna. Na ce mishi, ƙafa ta mutu, na gani. Takarda fa? Ni da ban san ko baƙi ɗaya ba, ga shi ina aika takarda har bakin teku. Sai ya tambaye ni inda anka binne innarku, wai ko akwai inuwa. Na ce akwai aduwa daga gabas. Sai ya miƙo hannu ya kama nawa, ya ce, "Isufu, yaya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya. Allah ya jiƙanta."

Ya ce amin. Ya yi ta share ido da gefen rawani. Ni teku na duba, iskar gishirin nan tana sa ido ruwa.

Ban ce na yafe mishi maganar ƙaho ba. Abdurazak, rubuta haka.

Keke na bar ma yaron, gobe zai koma talla da shi in hantsi ya yi, yana turawa. Sharaɗina yana nan, na ƙara mishi kaɗan: in ya ga babba ya sauka, amma ya kai fenti tukuna, ya dawo da ƙafa. Kuma kada wani mai gyara ya miƙe ƙahon hagu. Ki gaya wa Faisal ƙarfen da ya ce a auna a sikeli, hukuma ma sai da yatsun dattawa biyu ta sake shi.

Sai bayan Salla zan taso, in Ciɗo ya sauke kaya. Ki fito mini da takalmana. Kafin nan safiya tawa ce, na gaya wa yaron. Bencin yana da nisa da shuɗin fenti, amma gwiwar za ta saba.

Ubanki, Isufu.